Ɗakin Karɓa-Karɓa: Kafin a Shafa Fatiha a Duba Takarda

 Jama'a, maganar da za mu yi a wannan fitowa ba ta da daɗin ji, amma Malam Liman da kansa ya ce a buga ta, don kuwa cikin shekara ɗaya tak ta zo zaurensa har sau uku, kowane zuwa kuwa sai an tashi da ɓacin rai. Maganar ita ce ta ɗakunan nan na shan iska da 'yan'uwanmu su ke saye a jihar Fulorida, waɗanda Turawa ke ce wa taimshiya, mu kuwa a nan za mu kira su ɗakin karɓa-karɓa.

Ga wanda bai san shi ba, watau ɗaki ne guda a cikin wani babban masauki, a raba shekara mako-mako, a sayar wa kowa mako ɗaya ko biyu. Kai ka ci naka makon ka fita, wani ya shigo. Abin ya faro a ƙasashen Turai cikin shekarun 1960, ya ƙetaro Amurka, ya yi sheƙa a kewayen Olando da Kissimmee, inda a ke kai yara kallon Disney. Yawancinmu a nan Bronx mun san yadda a ke faɗawa ciki. Mutum ya shekara yana tuƙin tasi ko aikin jinya, ya ce bari ya kai iyali su sha iska, sai a tare shi a ce ga tikiti kyauta in zai zauna ya saurari ɗan bayani. A zaunar da shi har azahar ta wuce, wannan ya tashi wancan ya zauna, yara na kuka, uwargida na harara, ƙarshe ya sa hannu don a rabu da shi. Dokar Fulorida ta ba shi kwana 10 ya warware cinikin a mayar masa da kuɗinsa, amma kafin ya farga kwanakin sun ƙare, ya komo bakin aiki.

Kada wani ya ce abin haramun ne tun daga tushe. Wanda ya yi karatun Muhtasar ya san a babin rabo akwai abin da malamai ke kira muhaya'a, watau masu tarayya a gida ɗaya su raba zamansa bisa lokaci. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya, ta halatta irin wannan ciniki bisa sharuɗɗa, ta ce ana iya sayar da kason, a bayar da shi kyauta, a kuma gaje shi. Alhazanmu ma sun ga irinsa a Makka, a benen Zamzam da ke ƙofar Harami, inda a 2003 aka fitar da takardun amfani da ɗakuna na shekara 24. Bashin ruwa da kamfani ke ɗora wa mai saye kuwa wata magana ce dabam, Malam Liman ya riga ya yi huɗuba a kanta, ba za mu maimaita ba.

Wahalar tana wajen fita. Ɗakin karɓa-karɓa doki ne, ko ka hau ko ba ka hau ba sai ka saya masa harawa. Kowace shekara akwai kuɗin gyara, wanda matsakaicinsa a ƙasar nan ya daɗe da haura dala 1,000, ba ya sauka sai dai ya hau. In guguwa ta yaye rufi, ko a ka ga ginin ya tsufa, sai a ƙara yanka wa kowa gudummawar dole. Wannan kuɗi kuwa yana bin sunan da ke cikin littafi ne, ba ya bin wanda ya kwana a ɗakin. Nan ne duk rigimar ta ke, nan ne kuma ni mai rubutun nan na yi nawa kuskuren, zan kuwa faɗe shi don wani ya tsira.

Shekara huɗu da suka wuce wani dattijonmu, mai shirin komawa Kumasi in ya ajiye aiki, ya shirya da wani ɗan'uwa mai ƙananan yara a kan zai sayar masa da makonsa. Suka zo zaure bayan lisha, suka faɗi kuɗin da suka daidaita, mai saye ya ƙirga, mai sayarwa ya karɓa ya ce ya sallama. Ni na ɗauki alƙalami na rubuta takarda da ajami, shaidu biyu suka sa hannu, aka shafa Fatiha, aka raba goro. Na rubuta ta yadda na ga ana rubuta cinikin ɗaki ko na saniya a Nima tun ina almajiri, ban kuwa tambayi kowa sunan wa ke cikin littafin Gwamnati ba, don ban san akwai wannan tambaya ba.

Mai saye ya kai iyalinsa shekara biyu, yana shiga a matsayin baƙon dattijon, yana kuma biyan kuɗin gyara. A shekara ta uku aikinsa ya tsaya, ya daina zuwa, ya daina biya, a zatonsa wanda bai je ba ba a binsa kome. Wasiƙun masauki suka yi ta tafiya tsohon gidan da dattijon ya riga ya tashi. Daga nan aka miƙa bashin ga masu karɓar bashi, tara ta hau, sunan dattijon ya ɓaci a littafin kiredit. Bai sani ba sai ran da ya je tsaya wa 'yarsa za ta kama gidan haya, aka ce ba a karɓar tsayawarsa. Mutumin da ya yi shekara talatin a ƙasar nan bai taɓa cin kwabon kowa ba! Ya zo zaure yana rawar jiki ya ce, “Malam, ni na sayar, ga takarda.” Ɗayan ya ce, “Baba, ni ban ga wasiƙa ko ɗaya da sunana ba.” Kowannensu gaskiya ya faɗa. Mutum biyu da su ke sahu ɗaya suka yi wata uku ba su gaisa ba.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, ita ce ta umurce mu da rubuta bashi da kafa shaidu. Mun rubuta, mun kafa. Amma hikimar rubutun ita ce ya kashe gardama tun ba ta taso ba, takardar da alƙalin ƙasar da dukiyar ta ke ba zai duba ba kuwa ba ta kashe gardamar kome. A wurin Allah cinikin nan ya ƙullu, a wurin hukumar Fulorida kuwa ba a yi shi ba sam. Duk wanda ya taɓa sayen fili a Kumasi ya tsaya a kan takardar sarki kaɗai, bai bi ta ofishin filaye ba, ya san irin wannan zafi.

Allah ya taimake mu da wata 'yarmu lauya, haifaffiyar nan, ita ta zauna da mu Lahadi uku tana karanta Turancin tana fassara mini, ni kuwa ina rubutawa. Abin da zan kawo yanzu daga wannan zama ya fito, kuma na Fulorida ne, don can yawancin ɗakunan mutanenmu su ke. Kowace jiha da nata tsari, wanda nasa ke wata jiha sai ya tambaya.

Da fari dai mutum ya san abin da ya mallaka, gama da yawa ba su sani ba. Wani takardar mallaka gare shi, watau yana da kaso a cikin ginin kansa har abada, kamar mai gida. Wani izinin amfani kaɗai ya saya na shekaru ƙididdigaggu, in sun cika shi ke nan. Wani kuwa maki aka sayar masa a wata ƙungiyar masaukai, ba shi da ɗaki takamaimai. Hanyar sayar da kowanne dabam ce: mai izini da mai maki sai sun bi ta hannun kamfani bisa abin da yarjejeniyarsu ta faɗa, mai takardar mallaka kuwa sai ya bi ta ofishin gunduma. In takardar ta ɓace a wajen ƙaura, kada a damu, akwai kwafinta a littafin gundumar da ginin ya ke: na Olando a gundumar Orange, na Kissimmee a gundumar Osceola, yaro mai wayo zai nemo ta da sunanka ta intanet. In an samo ta a duba sunaye da kyau. Sau da yawa ran saye an sa uwargida ta sa hannu, maigida ya manta. Duk wanda sunansa ke ciki sai ya sa hannu a sayarwa, ko an rabu, ko yana Ghana.

Sa'an nan a dubi bashi. In har yanzu ana biyan kuɗin sayen ɗakin, to, jingina ce a kansa, ba mai saye da zai karɓa sai an biya an kawo takardar sakin jingina. Bayan wannan a rubuta wa masu kula da masaukin a nemi takardar da su ke kira estofel, watau shaidarsu a rubuce cewa ga sunan mai ɗaki, ga lambar makonsa, ga kuɗin gyaran bana, ga abin da a ke binsa ko ba a binsa. Sukan karɓi ɗan kuɗi a kanta, ita ce kuwa madubin cinikin duka. A cikin wasiƙar nan a yi musu tambaya uku. Nawa su ke karɓa na sauya suna? Akwai gatan da mai sayen farko ke da shi wanda ba ya bin mai saye na biyu? Kuma suna da haƙƙin fara saye? Wannan na ƙarshe ɗaliban fiƙihu za su gane shi nan da nan, don ya yi kama da shuf'a: in ka sami mai saye kuka yi tsada, sai ka kai wa kamfani, ko su saya a wannan kuɗi ko su ba ka takardar sun janye. Wanda ya tsallake wannan a inda yarjejeniya ta ajiye shi, cinikinsa na iya rushewa daga baya.

Tun da an riga an rubuta musu, a tambaya kuma ko suna karɓar ɗakin a mayar musu. Kamfanoni da yawa yanzu suna da irin wannan ƙofa ga wanda ba a binsa bashi, musamman tsofaffi da marasa lafiya. Ba za su ba ka ko anini ba, wani lokaci ma kai za ka cika musu, amma sunanka ya fita. Ba sa shelarta, sai ka ƙwanƙwasa.

To, a nan sai mun faɗi gaskiya mai ɗaci game da kuɗi. Ɗan'uwa, kuɗin da ka biya ran da a ka zaunar da kai ba shi ne darajar ɗakin ba. Babban kaso nasa ladan waɗanda suka zaunar da kai ne, da tikitin kyauta, da karin kumallon da ka ci. Duba eBay ka gani da idonka, akwai masu tallan makonsu a dala 1, har suna cewa su za su biya kuɗin takardu, don dai su sauke kayan. Akwai 'yan masaukai masu farin jini da ke riƙe darajarsu, amma ba su ne a hannun yawancinmu ba. Wanda ya ƙi yarda da wannan, ya kafe sai ya fid da uwar kuɗinsa, shi ne naman 'yan damfara, za mu kuwa zo kansu.

In an sami mai saye na gaskiya sai a rubuta yarjejeniya, ba kuwa yadda aka ga dama ba. Babi na 721 na dokokin Fulorida ya tilasta ko mai ɗaki da ke sayar da nasa na kansa ya bayyana a rubuce nawa ne kuɗin gyaran shekarar, da bashin da ke kai in akwai, ya kuma rubuta cewa mai saye yana da kwana 10 na janyewa. In ba a sa waɗannan ba, mai saye yana da ikon warware cinikin har shekara guda bayan an gama. Mu Musulmi bai kamata sai doka ta matsa mana ba, don wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, babban aibin ɗakin nan kuwa shi ne kuɗinsa ba ya ƙarewa. Wanda ya ɓoye wa ɗan'uwansa wannan ya ha'ince shi, ko da takardunsa sun cika.

Kuɗi kuma kada ya bi hannu da hannu, ko tsakanin wa da ƙane. Akwai kamfanonin rufe ciniki masu lasin, su ne 'yan tsakani: mai saye ya ajiye kuɗi a wurinsu amana, su shirya sabuwar takardar mallaka, ba su sakar wa mai sayarwa kuɗin sai takarda ta kammala. Ita takardar, mai sayarwa zai sa mata hannu gaban shaidu biyu da notari, tun daga Janairun 2024 kuma sai an rubuta adireshin kowane shaida kafin ofishin gunduma ya karɓa. Akwai harajin hatimi, santi 70 a kan kowace dala 100 ta kuɗin ciniki a Olando da Kissimmee, da 'yan kuɗin shigarwa. In an shigar da ita littafin gunduma, an rufe littafi na farko.

Saura na biyu, shi ne kuwa wanda a ke mantawa. Masauki yana da nasa littafi dabam, gunduma ba ta aika masa labari. Doka ta ɗora wa mai sayarwa ya kai wa masu kula da masaukin kwafin takardar da aka shigar, da sunan sabon mai ɗaki da adireshinsa, cikin kwana 15. A aika ta gidan waya da rajista, a ajiye rasiɗi. Sa'an nan kada a zauna sai an sami wasiƙa daga gare su mai cewa sun sauya suna. Ran da wannan wasiƙa ta shigo hannunka, ran nan ka sayar. A sa ta inda a ke ajiye fasfo, a kuma gaya wa iyali inda ta ke.

Masu shirin komawa gida su lura da abu ɗaya na haraji. In mai sayarwa baƙo ne a idon hukumar harajin Amurka, watau ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazauni ba, to, bisa ƙa'ida ana riƙe kashi 15 cikin 100 na kuɗin cinikin a aika wa hukuma, sai daga baya ya nemi abin da ya rage nasa. Saboda haka sayarwa tun ana nan ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Hasarar da aka yi a ɗakin shan iska na kai kuwa ba a cire ta daga haraji, kada wani ya sa rai.

Yanzu ga 'yan damfara, su ne magana ta biyu da ta zo zaure. Wata Hajiya daga cikin iyayenmu aka buga wa tarho, mai magana ya san sunanta, ya san masaukin, ya san lambar makon. Ba abin mamaki ba ne, littafin gunduma a buɗe ya ke ga kowa. Ya ce yana da mai saye a hannu, da kuɗi fiye da abin da ta biya, sai dai ta fara aiko da kuɗin rajista. Ta aika. Aka ce saura na haraji, ta aika. Aka ce saura na lauya, ta ci bashin adashi ta aika. Daga nan lambar ta mutu. Bayan wata biyu wani ya bugo ya ce shi aikinsa ƙwato wa waɗanda aka cuta kuɗinsu, in za ta biya kuɗin buɗe fayil. A nan ne Allah ya sa ta gaya wa ɗanta.

Jama'a, mu jikokin fatake ne, bai kamata a yi mana wannan ba. Tun zamanin cinikin goro a Salaga, har kasuwar shanu ta Tulaku a Ashaiman yau, wa ya taɓa ganin an biya dillali la'ada kafin ciniki ya faɗa? Dokar Fulorida ma haka ta ce: dillalin gidaje mai lasin ba shi da izinin karɓar kuɗi tun gaba don ya sa ɗakin karɓa-karɓa a kasuwa. Wata doka ta 2012 kuma ta hana mai talla ya ce yana da mai saye sai ya faɗi sunansa da adireshinsa. Lasin ɗin dillali ana iya bincika shi a wurin hukumar jiha, kyauta. Kada Hajiya ta ji kunya, ba ita kaɗai ba ce: hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023 mutum wajen 6,000 a Amurka sun kai ƙarar an cuce su kusan dala miliyan 300 ta irin wannan hanya, a kan ɗakunan ƙasar Meziko kaɗai.

Akwai kuma masu cewa su kamfanin fitar da mutum ne, su karɓi dubbai tun gaba, su ce ka daina biyan masauki ka bar musu sauran. Ka daina biya, tara ta taru, tun 2010 kuwa a Fulorida ana iya ƙwace irin wannan ɗaki ba tare da an shiga gaban alƙali ba, sunanka ya ɓaci, su kuma sun yi gaba. Har wa yau mun ji wata dabara tana yawo a tsakaninmu, wai a juya takardar da sunan wani dangi da ke ƙauye a gida, ko wani tsoho mai tafiya ba dawowa, tun da ba mai iya kama shi. Wannan zalunci ne kashi biyu. An ɗora wa bawan Allah bashin da bai san hawa ba bai san sauka ba, an kuma bar sauran masu tarayya a ginin su cike giɓin daga aljihunsu. Jam'iyya ba za ta shaidi irin wannan ba.

Magana ta uku ita ta fi taɓa zuciya, don ta mamaci ce. Wani ɗan'uwanmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, ya bar mata da 'ya'ya, wasu nan wasu a Akra. Da aka zo lissafin gado aka ga takardar ɗakin, aka rubuta shi a kuɗin da marigayi ya saya, har an kusa ba 'yarsa ta fari shi a matsayin rabonta, maza su ɗauki kuɗin banki da filin gida. Ba wanda ya yi nufin cuta. Amma da an yi haka da an raba wa maza dukiya an raba wa mace bashi, da sunan shari'a. Malam Liman ya tsai da rabon, ya ce a ƙiyasta kome bisa abin da zai yi a kasuwa yau, da aka bincika kuwa ɗakin bai kai kuɗin gyaransa na shekara ɗaya ba. Malamai masu raba gado, don Allah a kiyaye wannan.

Hanyar fid da ɗakin mamaci doguwa ce. In takardar ta ambaci miji da mata tare a matsayin ma'aurata, to, a dokar Fulorida ya zama na wanda ya rage shi kaɗai, sai a shigar da takardar shaidar mutuwa a gunduma, nauyin kuɗin kuma ya koma kansa. In sunan mamacin ne kaɗai, ba mai iya sa hannu a madadinsa, takardar wakilci ma ta mutu da mutuwarsa. Sai an buɗe shari'ar gado a kotun gado ta Bronx, sa'an nan a sake buɗe wata ƙarama a Fulorida, don ƙasa tana bin dokar inda ta ke. Magadan da ke Ghana in ana bukatar sa hannunsu sai su nemi rana a ofishin jakadancin Amurka a Akra a buga musu hatimi. Duk wannan lokaci kuɗin gyara bai tsaya ba. Abin da dattijo zai gama da ransa cikin 'yan watanni, shi ne marayunsa za su shekara suna bi da kuɗin lauya biyu.

Amma iyalan mamaci su san haƙƙinsu. Bashin mamaci daga dukiyarsa a ke fid da shi kafin rabo, a nan shari'a da dokar ƙasa bakinsu ɗaya. Magajin da sunansa ba ya cikin takarda ba a tilasta masa ya biya daga aljihunsa, kome yawan bugun tarhon masu karɓar bashi. Yana kuma da ikon ya ƙi karɓar ɗakin a rubuce, a dokar Niyok cikin wata 9 daga rasuwar, muddin bai riga ya amfana da shi ba. Saboda haka kada yara su ce bari mu je mu ci makon Baba na ƙarshe kafin a ga lauya.

An roƙi Jam'iyya ta biya bashin ɗakin marigayin daga asusun jana'iza. Kwamiti ya yi muhawara mai zafi, wasu dattawa suka ce ai maraya ba a duba masa ƙa'ida. Ƙarshe aka ƙi, mu kuwa muna ganin an yi daidai, ko da ya ke ba a ji daɗi ba. Kuɗin nan amana ce ta likkafani da kabari da kai gawa gida, masu share ofis da dare da masu wankin mota su ke tara shi dala-dala, in aka buɗe masa wannan ƙofa ba za ta rufu ba. Abin da aka yi sai aka kewaya da faranti dabam ran Juma'a, aka haɗa wa matar kuɗin lauya. Su kuwa mutum biyun farko, an raba musu tarar biyu, an yi sabuwar takarda ta bi littattafan nan biyu, ran Idi kuma an ga sun yi musafaha. Ni ma na sa abin da ya sawwaƙa a cikin tarar, don alƙalamina ne ya jawo.

Daga yau, bisa umurnin Malam Liman, ba za a ƙara rubuta cinikin ɗakin karɓa-karɓa a zaure ba, ba kuma za a shafa masa Fatiha ba, sai an nuna takardar estofel da sunan kamfanin da zai riƙe kuɗin. Duk mai irin wannan ɗaki, ko yana son sayarwa ko ba ya so, musamman waɗanda suka haura sittin da masu shirin komawa gida, ana roƙonsa ya zo ran Lahadin farko ta wata mai kamawa bayan azahar. Ya zo da takardar mallaka ko yarjejeniyar saye, da takardar kuɗin gyara ta ƙarshe, da duk wasiƙar da aka aiko masa ko bai buɗe ta ba. 'Yarmu lauya ta yi alkawarin zama da mu awa biyu ba da ko kwabo ba, Allah ya yi mata albarka. Mata za a gan su a ɓangarensu, ba kuwa za a karanta takardar kowa a gaban kowa ba.

Haza wassalam.

Magatakardan Liman